Ruɓaɓɓiyar Ayabar Baba Ishaya

Ban manta ba, kuma ba na jin zan taɓa mantawa, da ranar Asabar ɗin da na ga dattawan layinmu su uku zaune a cikin keji, gumi na zuba, suna jiran ƙwaro ya sauko ya ba da shaida. Ku da kuka shigo aikin lambun nan kwanan nan, da kun ga tsutsa a jikin ganye sai ku sa takalmi, ku matso ku ji. Ni kafin in zo nan, tsutsa nake yi wa hidima, kuma a biya ni.

Kun dai san halina. A aji biyu na ƙaramar sakandare na ajiye boko, zaman benci bai karɓe ni ba. Na yi yaron shago a Gyaɗi-Gyaɗi, na yi wankin mota, na ja adaidaita sahu har mai shi ya zo da kansa ya karɓi makullinsa. Innata takan ce ko a cikinta ban zauna wuri ɗaya ba. Ita ce ta ji cewa wani dattijo a ƙarshen layinmu, ta ɓangaren Tarauni, yana neman mai taya shi aiki. Ta tasa ni gaba ta kai ni, kamar mai mayar da kayan aro.

Dattijon shi ne Baba Ishaya, mutumin Kagoro, Kirista, tsohon ma'aikacin gandun daji. Da ya yi ritaya bai koma gida ba, ya ci gaba da zama shi da matarsa Mama Rifkatu a gidan hayar Alhaji Garba. Akwai fili a bayan gidan, a nan ya kafa keji na raga, girmansa ya kai ɗaki, tsayinsa ya wuce mutum. Na leƙa ina neman tattabaru ko zomaye. Babu. Malam-buɗe-littafi yake kiwo.

Kuma ba irin farare da rawayen nan da muke gani da damina ba. Wani baƙi ne na kurmi. Baba ya ce gidansa na asali shi ne inda bishiyoyi suka haɗe ta sama har rana sai dai ta leƙo, ƙasa kullum a jiƙe, 'ya'yan itace su faɗo su ruɓe ba mai tsinta. Kano kuwa da bazara ba sai na gaya muku ba. To aikina gaba ɗaya shi ne in yi wa ƙwaron nan ƙarya, ya ɗauka har yanzu yana Kagoro.

Ga yadda ake yi. Da safe in jiƙa tsofaffin barguna da buhuna in rataya a jikin ragar, in ɗauki famfon feshi in yi ruwan sama na ƙarya. In bi bishiyoyin da Baba ya kawo daga can ya dasa, ganye bayan ganye, ina duba tsutsa. Tsutsar koriya ce, da 'yan ƙahonni a ka kamar ƙaramin rago. In ta ƙoshi sai ta rataye kanta a kife, ta dunƙule ta koma kamar ɗanyen ɗan itace. Wannan Baba ke kira kwanciya. Mai kwanciya ba a taɓa shi, ba a girgiza shi, har ranar da zai fasa ya fito da fiffike. Sauran aikin yaƙi ne da kiyashi da ƙadangaru.

Na taɓa tambayarsa duk wannan wahalar ta mece ce. Ya zaunar da ni, ya ce su ma suna da asali kamar mutane.

“Ƙwaro ƙafa shida gare shi, ko ba haka ba? To a cikin malam-buɗe-littafi akwai wani babban gida da suke naɗe biyun gaba a ƙirji, su tsaya a kan huɗu. A cikin gidan akwai zuriyar da masana ke kira Karaksis, masu kaurin ƙirji, masu gudu kamar an harba su, da 'yan wutsiyoyi a fiffiken baya. A cikin zuriyar kuma akwai ɗakunan baƙaƙe. Nan rigimar take, Nura. Mazan nasu duk kama ɗaya, kamar 'yan makaranta a yunifom. Sai ka ga macen kake sanin ɗan wane ɗaki ne.”

Shi kuma macen ce ta gagare shi. Ya daɗe yana zuwa gida yana kawo tsutsa daga jikin bishiya iri ɗaya, amma duk wanda ya rayu ya fito, namiji. Mama Rifkatu ta ce ko a nan ma bai yi sa'ar 'ya mace ba, don 'ya'yansu duka maza ne.

Yanzu ga inda matsalar ta taso. Su waɗannan ba ruwansu da fure. Abin da suke so shi ne ɗan itacen da ya ruɓe ya yi tsami. Don haka nakan je wurin masu ayaba in kwaso wadda ta yi baƙi har sun fid da rai da ita, mu dama a bokiti, a zuba sukari da ɗan yis irin na masu burodi, a rufe a bar shi a rana. Da zafin bazara, kafin ka ce me ya fara kumfa. Warin kuwa ba ya neman izinin katanga.

Wanda katangarsa ta haɗu da tamu shi ne Malam Tasi'u tela. Shagonsa na kallon layi, ƙafarsa a kan keke, idonsa a kan kowa. Ya ga 'yan ga-ruwa suna shiga gidan mutum biyu kamar gidan biki. Ya gan ni da buhun baƙar ayaba. Ya ga sukari. Hancinsa ya ƙarasa masa sauran. Wata rana ya kira ni.

“Nura, me ake dafawa ne a gidan ubangidan naka?”

“Ba dahuwa ba ce, Malam. Abincin malam-buɗe-littafi ne.”

Ya tsayar da keken. “Ana cin su ne?”

“A'a.”

“Sayarwa ake yi?”

“A'a.”

“To magani ake haɗawa da su?”

“Kallonsu kawai yake yi, ya ɗauki hoto.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Yaro, na haife ka. Mutum ya sayi ruwa, ya sayi sukari, ya ɗauki ma'aikaci, a kan abin da ba a ci ba a sayarwa? A garin Kano? Je ka, na gode.”

Gaskiya na faɗa masa tsirara, amma a layinmu maganata ba ta da nauyi. Kafin mako ya zagayo, zance ya gama unguwa cewa giya ake dafawa a bayan gidan Baba Ishaya, ƙwarin nan labule ne kawai, ni ne kuma ɗan aike. Har Innata sai da ta shinshina rigata.

Sai ga saƙo daga Alhaji Garba. Ranar Asabar da hantsi zai zo shi da Liman da Malam Tasi'u. In abin da ake faɗa ne, Baba ya nemi wani gidan kafin ƙarshen wata.

Ku gane abin da wannan ke nufi. Bishiyoyin nan a ƙasa suke, sun yi saiwa. Masu kwanciya suna rataye, ko hannu ba a sa musu balle a ɗora su a mota. Kuma wane mai gida ne zai ba da filinsa ga wanda aka kora da wannan suna? Tashin Baba daga gidan nan, tashin aikinsa ne gaba ɗaya. Da nawa, don shi ne aiki na farko da na yi daga wata Sallah har wata Sallah ban gudu ba.

Na ce, “Baba, mu zubar da bokitin nan kafin su zo. Mu wanke wurin, Mama ta yi turaren wuta.”

Ya ce, “In na zubar, na amsa laifi ke nan. Kuma su ci me ranar Asabar? Turare?”

Asabar ta zo, suka zo. Alhaji ya sha babbar riga ta shadda, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Liman dattijo ne marar hayaniya, da ɗan murmushinsa da ba ka sanin na mene ne. Aka yi gaisuwa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi, aka sake tambayar iyali, kamar ba da wata magana aka zo ba. Mama Rifkatu ta kawo zoɓo mai sanyi. Malam Tasi'u ya riƙe kofinsa yana leƙa ciki, bai kai baki ba sai da ya ga Liman ya shanye nasa.

Mama ba ta koma ciki ba. Ta ce, “Alhaji, Allah ne ya kawo ku. Ni shugabar mata ce a cocinmu, ko ta ƙofar gidan giya ba na bi. Na yi faɗa da bokitin nan har na gaji. In kora za ku yi, ku kori bokitin da mai shi, ni ku bar ni a ɗakina.”

Na ce a raina, shi ke nan, shaidar gida ma ta juya.

Aka zagaya baya. Baba ya buɗe bokitin da hannunsa. Alhaji ya ja da baya, ya kai hannun riga hanci.

“Malam Ishaya, tun da muke ban taɓa jin kanka da kowa ba. Tambaya ɗaya zan yi. Wannan abin yana bugarwa?”

Ina ta ƙifta wa Baba ido har ya fara ciwo.

“Yana bugarwa, Alhaji.”

“To kun ji da kunnenku,” in ji Malam Tasi'u.

“Amma ba mutum ke sha ba,” in ji Baba.

Liman ya gyara murya. Ya ce magana ta zo da sauƙi. Malam Tasi'u bai ga mutum yana sha ba, su kuma ba su ga ƙwaro yana sha ba. Tunda ga ƙwarin nan a keji, a zuba musu a gani. Alhaji ya ce ya yarda, amma da an kira azahar magana ta ƙare, don Liman ba zai bar jam'i saboda ƙwaro ba.

Na shigar da benci. Na zuba abin a faranti na ajiye a tsakiya. Baba ya karanto dokokin keji: ba ɗaga murya, ba fifita, kuma komai ya sauka a jikin mutum, ba duka. Suka sunkuya suka shiga ɗaya bayan ɗaya, na ja ƙofar.

Da safen nan na yi feshi da kyau, rana kuma ta taso. Cikin kejin ya koma kamar madambaci. Mazan nan suna can sama, sun manne a raga, ko motsi. Kullum da na ajiye faranti suke rufto masa, ranar kuwa kamar an biya su. Muka zuba wa farantin ido. Sai ƙarar ruwa na ɗiga daga bargo.

Can Baba ya matsa kusa da Alhaji ya yi ƙasa da murya. “Ranka ya daɗe, ina jin turaren rigar nan ne. Ba su saba ba.”

Alhaji ya dube shi, ya dubi Liman. Liman ya dubi sama. Wallahi da idona na ga Alhaji Garba, mai gidaje a Daurawa da Unguwa Uku, ya tuɓe babbar riga saboda ƙwaro. Ni na kai ta waje na rataya.

Muka ci gaba da zama. Ni ne abin ya fi yi wa wuya, ƙafata sai rawa take, Baba ya ɗora hannu a gwiwata ya danne. Inuwa na ta janyewa. Malam Tasi'u ya kasa jurewa, ya cire hula zai share gumi. Ashe sanƙo ne da shi tun daga goshi har ƙeya, ban taɓa sani ba sai ranar, yana ƙyalli kamar an shafa mai.

Sai ɗaya daga cikin mazan ya sako daga sama. Ya zagaya mu da gudu, ya wuce farantin ko kallo, ya sauka daram a tsakiyar sanƙon. Ya warware wani siririn harshe da ke naɗe a bakinsa kamar zare, ya dasa.

“Kada ka motsa,” in ji Baba a hankali. “Gishirin gumi yake nema. Halin mazan ke nan.”

Malam Tasi'u ya sandare, hula a hannu, ido a sama. “Me yake yi mini?”

“Kiwo yake,” in ji Liman. “Ka yi haƙuri, baƙo ne.”

Kafaɗar Alhaji ta fara girgiza da dariya. Na ce to, mun tsira. Ashe ban san tela ba. Wuyansa a ƙage, bakinsa da ƙyar yake buɗewa, amma sai da ya ce, “To ai kun gani. Ga farantin can, ko shinshinawa bai yi ba. Gumi yake sha. Bokitin na wasu ne.”

Dariyar Alhaji ta tsaya. Ya dubi farantin, ya dubi agogonsa, ya ce, “Wannan kuma magana ce.” Na ji hannun Baba ya yi nauyi a gwiwata. Liman ya fara laluben takalminsa da ƙafa.

Daga can lungu, bayan wata tsohuwar randa inda ganye ya fi duhu, wani abu ya taso. Ya fi sauran girma, kuma ba baƙi ba ne duka: ruwan ƙasa ne mai duhu, da farin layi mai faɗi ya ratsa fukafukan kamar an yafa gyale. Ya yi shawagi a hankali, ya sauka a bakin farantin, ya warware harshe, ya nutsa shi cikin ayabar.

Hannun Baba ya bar gwiwata. Ya zame daga benci ya durƙusa a cikin taɓo da wandonsa na fita.

“Mace ce,” ya ce. “Nura, mace ce.”

Ashe wata tsutsa ce ta sauka daga bishiya ta je ta yi kwanciyarta a bayan randa, ba ni ba Baba ba wanda ya gan ta, ta fito abinta ta ɓuya. Baba ya manta da Alhaji, ya manta da haya, ya manta da dalilin taron. Ya zaro madubinsa mai ƙara girman abu, ya jawo hannun Liman yana nuna masa farin layin, yana jero masa gida da zuriya da ɗaki. Liman kuwa dama mutum ne mai son zancen nasaba. Ya karɓi madubin ya sunkuya, gemunsa ya kusa taɓa farantin.

“Huɗu take tsaye a kai,” ya ce. “Ga biyun a naɗe. Ikon Allah.”

Ta sha, ta sha, ta ƙara sha. Ba wanda ya sake duba agogo. Da ta gama ta buɗe fiffike za ta tashi, sai ta kife ta gefe. Ta miƙe, ta taka a karkace, ta yi gaba ta yi baya, ta je ta hau babban yatsan ƙafar Alhaji ta zauna. Baba ya sa yatsu biyu ya ɗauke ta, ko musu ba ta yi ba. Abin da a ranar lafiyarsa ko da raga ba ka kama shi.

Alhaji ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Mama Rifkatu da ke leƙe ta jikin raga ta ce, “Ka ga 'yar taka ko? Ranar farko a gaban baƙi.”

Malam Tasi'u, da nasa baƙon har lokacin a ka, ya ce, “Allah gafarta Malam, to ita wannan mene ne hukuncinta?”

Liman ya miƙe yana kakkaɓe riga. “Ba a ɗora mata salla ba, Malam Tasi'u, balle a hana ta wannan. Ni da kai aka hana. Kuma a wurin da aka hana mu wannan, an hana mu rantsuwa a kan abin da hanci kaɗai ya gani.”

Daidai nan aka kira azahar.

Alhaji ya yanke magana a tsaye, yana mayar da babbar rigarsa. Baba zai zauna a gidansa. Bokiti a samo masa murfi mai kyau, a mayar da shi ɗaya katangar, nesa da tagar tela. A bakin ƙofa ya ja Baba gefe, amma ina kusa, na ji.

“Malam Ishaya, tsakanina da kai. Nawa Turawa ke sayen guda?”

“Ba a sayarwa, Alhaji.”

Alhaji ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa. “Na gane. Ba ka son a shigo maka kasuwa. Ni ma haka zan yi.”

Har yau bai yarda ba.

Baba ya ɗauki hotunan macen ta sama da ta ƙasa ya tura wa abokansa masana, suka tabbatar masa da ɗakin da ta fito. Sunan yana da tsawo, in na gwada faɗa sai harshena ya harɗe, amma shi ranar ko abincin rana bai iya ci ba don murna. Malam Tasi'u bai taɓa cewa a yi haƙuri ba. Sai dai lokaci-lokaci mukan tarar da baƙar leda a ƙofar gida da ruɓaɓɓiyar ayaba a ciki. In na gode masa sai ya ce yara ne suka bari ta lalace, kuma zubarwa almubazzaranci ne. Hularsa kuwa ban sake ganin ta bar kansa ba.

Abin da na ɗauka daga ranar nan, aikin rainon abu mai rai rabinsa jira ne, ba ka sa shi ya fito don kana sauri, ko da kuwa mai gida na duba agogo. Ɗaya rabin kuma mutane ne. Mutanenmu ba mugaye ba ne, amma abin da ba su ga kasuwarsa ba sai sun nema masa wata fassara, kuma rantsuwa ba ta cire musu ita. Benci za ka ba su, su zauna su gani. Saboda haka in kun ga tsutsa a ganye, ku kira ni tukuna, a san 'yar wane gida ce.

Ranar Asabar ɗin da na koma gida da yamma na ba Innata labari, ba abin Alhaji ne ya ba ta mamaki ba, ba na tela ba. Cewa ta yi, “Tsaya. Kai ka zauna wuri ɗaya daga hantsi har azahar?”

Na ce eh.

Ta ce, “Gobe ka kai wa ƙwaron nan ayaba, ka ce in ji ni. Abin da ya gagari malamai da bulala, ya yi shi ba ko tsawa.”